Wa'adi shida a kujera ɗaya: ƙwarewa ce ko kaka-gida?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar muna zaune a Zangon Agege wani dattijo ya yi maganar da ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi duk mazaɓar da ta bar ɗan majalisarta ya daɗe a kujera ita ce da riba, kuma ba sai an je nesa neman hujja ba, ga Mudashiru Obasa nan. Ya fara da kansila a 1999 a jam'iyyar AD, ya shiga majalisar dokokin jihar Legas a 2003 yana wakiltar Agege ta ɗaya, ya zama kakakin majalisa a 2015, a zaɓen 2023 kuma ya koma karo na shida. Ni dai maganar ba ta kwanta mini ba, amma ba a jayayya da mai furfura a bainar jama'a. Shi ya sa na kawo ta nan.

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ai dattijon nan ya yi gaskiya, kuma gani ya kori ji. Wanda ya san mahaɗar Pen Cinema da ke Agege kafin a ɗora gadar sama ya san abin da nake nufi. Jirgi ya taho a tare hanya, motoci su yi cirko-cirko, mutum ya fito da hantsi ya isa Ikeja rana ta take. An fara gadar zamanin gwamna Ambode, gwamna Sanwo-Olu ya buɗe ta a watan Maris 2021. Ga kuma tashar jirgin Red Line a Agege, layin da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024. Kuna tsammanin sabon shiga, wanda bai gama sanin ƙofar ofishin kwamishina ba, zai iya sa a tuna da unguwarsa lokacin rabon kasafi?

Zainab: Baba Alhaji, a yi mini afuwa, amma gada da jirgi aikin gwamna ne. Layin dogon nan tun zamanin Turawa ya ratsa Agege, ba wani ɗan majalisa ne ya jawo shi ba. Ko wa ke kan kujerar, dole jirgin ya tsaya a nan.

Alhaji Ɗanlami: 'Yata, gwamna ba ya kashe ko kwabo sai majalisa ta amince da kasafi. Wa ke riƙe da gudumar majalisar duk shekarun nan?

Zainab: To ashe ribar kakaki ce, ba ribar daɗewa ba. Majalisar Legas kujeru 40 ce, kakaki kuma ɗaya. Sauran mazaɓu 39 fa, in duk suka bar nasu suka daɗe, kowa zai zama kakaki ne?

Lauya Bashir: Zainab ta taɓo wurin. Bari in ɗan gyara mana shimfiɗa, don naga ana haɗa abu biyu. Tsarin mulkin 1999 ya iyakance wa shugaban ƙasa da gwamna wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, amma bai sa wa ɗan majalisa iyaka ba, na jiha ne ko na tarayya. Shi ya sa Ahmad Lawan yake Majalisar Tarayya tun 1999, daga ta wakilai zuwa ta dattawa. Dalilin kuwa a fili yake. Gwamna shi kaɗai ne, yana riƙe da baitulmali da naɗe-naɗe, in ya daɗe sai ya zama sarki. Ɗan majalisa kuwa ƙuri'a ɗaya gare shi a cikin taro, kuma aikinsa koyo ake yi: karanta kasafi, gane inda aka ɓoye kuɗi a ƙarƙashin wani kan magana, sanin ƙa'idojin zama, sanin yadda ake gayyato kwamishina a titsiye shi, wanda sashe na 128 ya ba majalisar jiha iko. Mutum kan ci wa'adinsa na farko yana lalube. In kowane zaɓe za a share majalisa a zuba sababbi, to gwamna da manyan sakatarori ne za su yi ta juya su, don su ne suka san takarda. A nan ina tare da Alhaji. Inda na rabu da shi shi ne, ƙwarewa wuƙa ce. Tambayar ita ce wa aka yanka da ita.

Kawu Sale: Lauya, ka faɗi ta littafi. Ni in faɗi ta ƙasa. Na yi wakilin akwati sau uku a rayuwata, ban ce a wace jam'iyya ba. Ranar zaɓe talaka ba ya zaɓen mutum, abin da aka ɗora masa a takarda yake dangwalawa. Zaɓen gaskiya an gama shi tun a fidda gwani, a ɗaki, tsakanin mutanen da ba su cika tabarma ɗaya ba. A jihar da jam'iyya ɗaya, duk da sauya sunanta daga AD zuwa AC zuwa ACN zuwa APC, take riƙe da gwamnati tun 1999, wanda ya sami tikiti ya riga ya yi rabin tafiya. Saboda haka in kun ce mutum ya ci sau shida, ni abin da na ji shi ne an ba shi tikiti sau shida. Wannan shaida ce cewa manya sun yarda da shi. Ko talakawa sun yarda da shi, wannan wata magana ce daban, mai yiwuwa e, mai yiwuwa a'a.

Alhaji Ɗanlami: Haba Sale. A 2023 ba a Legas ɗin nan Peter Obi ya kayar da Tinubu a zaɓen shugaban ƙasa ba? Da tikiti kaɗai ke aiki da hakan ba ta faru ba. Mutane sun san abin da suke yi, kuma bayan sati uku suka fito suka mayar da Obasa.

Kawu Sale: Wannan kam ka kama ni, Yaya. Amma zaɓen shugaban ƙasa guguwa ce. Na majalisar jiha kuwa mutum nawa ne a layi suka san sunan ɗan takarar adawa?

Hajiya Ladi: Ni duk kun bar abin da ya fi ba ni mamaki. Ranar 13 ga Janairun 2025 abokan aikin Obasa da kansu suka tsige shi daga kujerar kakaki yana ƙasar waje, bisa zargin rashin ɗa'a da wuce gona da iri a ofis da batun kuɗi, zargin da ya musanta. Suka ɗora mataimakiyarsa Mojisola Meranda ta Apapa, mace ta farko da ta taɓa zama kakakin majalisar Legas. Mu mata har guɗa muka yi. Kwana 49 kacal, ranar 3 ga Maris, ta sauka ta koma mataimakiya, shi ya koma kujerarsa, bayan dattawan jam'iyya irin su Bisi Akande da Segun Osoba sun shiga tsakani. To ku gaya mini, mutanen da suka ɗaga hannu a Janairu su ne suka sake ɗagawa a Maris. Ra'ayinsu ne ya sauya ko kira aka yi musu?

Lauya Bashir: Hajiya, don adalci a ƙara da wannan: a watan Afrilun 2025 babbar kotun jiha da ke Ikeja ta ce zaman 13 ga Janairun bai bi ƙa'ida ba, ta soke shi. Sashe na 92 ya ce ana cire kakaki da kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa, wato 27 cikin 40, kuma sun haura haka. Abin da ya kayar da su shi ne yadda aka kira zaman ana cikin hutu. Kun ga amfanin daɗewa ga mai ita: wanda ya shekara ashirin yana karanta ƙa'idojin zaure ya san ƙofar da aka manta ba a kulle ba.

Hajiya Ladi: Amfani ga mai ita, ka faɗa da bakinka, ƙanena. Dattijon Malam Habu kuwa cewa ya yi amfani ga mazaɓa.

Sani: Ni ba ni da ilimin sashe-sashe, babur na tuƙa shekara tara. Abin da na sani, in za a lissafa wa ɗan majalisa aiki, a fara da dokokin da aka yi yana ciki, don shi ne aikin da aka aike shi. Dokar hanya ta 2012 da ta hana acaɓa manyan tituna, da dokar sufuri ta 2018, da ta hana kiwon sake ta 2021, duk daga zauren nan suka fito. Ban ce babu dalili ba, na ga haɗurra da idona, na ɗauki gawa. Amma waɗannan dokoki sun taɓa tuwon 'yan Arewa da yawa a garin nan, daga masu babur har masu shanun da ke kaiwa mayankar Oko-Oba. Mu in mun zauna zancen ɗan majalisa sai mu ce ya raba shinkafa da azumi, ya biya wa wane kuɗin asibiti. Ba mai tambayar ina ya ɗaga hannu.

Malam Habu: Sani, Allah ya yi maka albarka. Wallahi abin da na kasa faɗa wa dattijon ke nan.

Alhaji Ɗanlami: To ai wannan laifinmu ne, ba laifin daɗewa ba. Sabo ma in ya zo shinkafar za mu tambaye shi.

Zainab: Shi ya sa nake ganin a sa iyaka, ko wa'adi uku ne. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. An buɗe mana ƙofa, amma mun leƙa mun tarar kujerun duk da mutane a kai. Yaron da aka haifa a 2003 ya yi zaɓe a 2023, bai taɓa sanin wani wakili ba sai guda.

Lauya Bashir: Akwai jihohin Amurka da suka gwada, irin su Kalifoniya a 1990 da Mishigan a 1992, kuma dukansu biyu daga baya sun koma sun yi wa dokar kwaskwarima. Akwai kuma inda ba iyaka: Fred Risser ya yi shekara 64 a majalisar Wiskonsin ya sauka da mutuncinsa, Michael Madigan ya yi shekara 50 a ta Ilinoi, 36 daga ciki yana kakaki, ya ƙare kotu ta same shi da laifin cin hanci a 2025. Daɗewa ɗaya, ƙarshe biyu. A nan gida kuma, kafin a sa iyakar sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Wato ki roƙi mutum ya sa hannu a takardar sallamarsa.

Kawu Sale: Kuma ko an sa, gwamna ne zai ci riba. Ku dubi Kano. A watan Mayun 2019 majalisa ta yi dokar ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu cikin 'yan kwanaki. A watan Mayun 2024 majalisar ta rushe masarautun, shi ma cikin gaggawa. Ban shiga zancen wa ke da gaskiya ba, kar a ja ni. Abin da nake nunawa, a duka biyun abin da gidan gwamnati ke so shi aka yi. Tsoho da sabo duk 'yan amshin shata ne in dai tikitinsu na hannun mutum ɗaya. In ana zancen majalisar da ta tsaya wa gwamna ƙyam a Arewa har ta kai shi ƙasa, mutane Balarabe Musa na Kaduna suke tunawa a 1981, shi ma don NPN ce ke da rinjaye shi kuma yana PRP.

Hajiya Ladi: Lauya, kiranye fa? Na ji ana cewa ana iya dawo da ɗan majalisa gida.

Lauya Bashir: Yana nan a sashe na 110, Hajiya. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Fiye da rabin masu rajista fa, ba na waɗanda suka fito zaɓe ba. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi, a 2018 aka zo tantance sa hannu abin ya watse.

Alhaji Ɗanlami: Ni dai ina nan kan bakana. In na tashi gyaran mota tsohon bakanike nake nema.

Hajiya Ladi: Shi bakanike in ya ɓata maka inji gobe kana iya kai ta wani gareji, Alhaji. Ba sai ka jira shekara huɗu ba, ba kuma sai wani ya zaɓa maka garejin ba.

Malam Habu: Lauya, ko za ka samo mana dokar sufurin nan ta 2018 ka fassara mana sassan da suka shafi babur da keke? Ranar Juma'a in an sauko zan koma wurin dattijon, kuma Sani zan ɗauka mu tafi tare.