Babur na hannu: asara ce ko dabara?

Baffan Gida: Assalamu alaikum jama'a. Ni maganata ɗaya ce kuma na daɗe ina faɗa wa yaran nan, duk wanda ya sayi babur na hannu to matsalar wani ya saya da kuɗinsa. Mutum ba ya rabuwa da mashin mai lafiya haka kawai, sai ya gama tatse shi ya ga ya fara cin kuɗi sannan ya wanke shi ya kai wa dillali. Gara ka daure ka tara ka ɗauko sabo dal a kwali ko da shekara za ka yi kana tari.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Baffa. Da girmamawa amma wannan lissafin na da ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta faɗi komai ya tashi, sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya, mafi ƙarancin albashi kuma dubu 70 ne shi ma ba kowa ke ganinsa ba. Kana tari farashi yana gudu ya bar ka, ga kuɗin adaidaita kullum safe da yamma yana cinye abin da kake tarawar. To yaushe za ka cim masa? Kuma ba gaskiya ba ne a ce duk mai sayarwa ya gaji da gyara ne, wani haihuwa aka yi masa, wani kuɗin asibiti, wani damina ce ta kama yana neman taki, wani mota ya samu. Larura tana sa mutum ya sayar da abin da yake so.

Baffan Gida: To ta yaya za ka bambance mai larura da mai son ya sauke maka kaya? Ai kowa cewa zai yi larura ce.

Mai Gareji: Baffa nan kam aikina ne bari in sa baki. Inji ba ya iya ɓoye ciwonsa ga wanda ya sani, matsalar ita ce mutane suna zuwa siyan mashin su kaɗai ko su tafi da aboki wanda shi ma hawa kawai ya iya. Abu na farko da nake gaya wa kowa, ka je da sassafe kafin a tada shi, ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi ne. In ka tarar an riga an ɗumama shi to ka ce za ka dawo gobe, saboda inji mai zafi yana tashi bugu ɗaya ko da ya gaji, da sanyi ne yake faɗin gaskiya. In ya tashi ka tsaya ta baya ka kalli salansa, Boxer da TVS da su Haojue duk masu baƙin mai daban ne ba sa haɗa shi da fetur, don haka in ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita to mai yake ƙonawa, ringi da fistan sun tafi. Ka zaro sandar gwajin mai ka murza a yatsa, wasu suna zuba mai mai kauri sosai don ya rufe ƙarar konrod da taimin cen, kwana biyu kana canja mai ƙarar ta dawo. Ka kwance filogi ka duba bakinsa, in ya yi baƙi ya jiƙe da mai ka san labari. Sannan ka kalli kusoshin jikin injin, in kawunansu sun cinye to an sha buɗe shi. Mita kuma kada ka ma kalle ta, yawancin baburan haya wayar mitar a cire take ko a tsinke.

Amma abin da ya fi damuna shi ne bodi. Ka duƙa ka duba wuyan mashin da ƙarƙashin tanki ko akwai walda, ka hau ka ɗan sassauta hannu a hanya miƙaƙƙiya ka ji ko yana ja gefe ɗaya. Mashin da ya yi hatsari bodinsa ya karkace ba ya komawa daidai, zai riƙa cin taya gefe guda kuma a kwana yana iya kada kai. Wannan kam ko kyauta aka ba ka ni ban ba ka shawarar ɗora iyali a kai ba.

Yaya Babba: Oga Mai Gareji Allah ya saka, amma duk wannan gwajin naka awa nawa zai ɗauka, kuma wane mai sayarwa ne zai tsaya ana kwance masa filogi?

Mai Gareji: Yaya ko awa ɗaya ba zai kai ba. Wanda ya hana ka dubawa ai ya riga ya ba ka amsa. Kuma ku lura, ringi, fistan, kuloch, sarƙa da sufuroket, kabreta, duk ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, in Boxer ne ma har a ƙauye akwai kayansa. Don haka ciwon inji ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne, a lissafa gyaran a cire.

Ɗan Acaɓa: Ni ina bayan Baffa amma rabi. In hawan gida ne, makaranta kasuwa masallaci, na hannu ya isa. In kuwa sana'a za ka yi da shi wlh ka yi tunani sosai, mu da muke kan mashin tun asuba har isha ranar da ya kwana a gareji ba kuɗin gyara kaɗai ka rasa ba har da cinikin ranar, kuma gida ba a fasa cefane. Sannan kar wanda ya sayi mashin da aka yi haya da shi yana tunanin ya samu araha, an ɗora masa mutum uku da buhun masara, sokozoba ta mutu, bodi ya gaji, fenti kawai aka sake.

Malamin Firamare: To amma ɗan'uwa ku da kuke karɓar sabo a biya sannu-sannu, nawa ake ɗora muku a kan farashin? Ina ganin yara suna kai balas kullum kusan shekara, ranar da ka yi rashin lafiya ka kasa kaiwa a ƙwace mashin har abin da ka zuba ya bi ruwa. Wanda ya sayi tsoho da kuɗinsa ko ba komai nasa ne, ba mai buga masa waya da dare.

Ɗan Acaɓa: Wannan gaskiya ne Malam ba zan musa ba, ɗorin yana da yawa. Sai dai sabon yana ba ka lokaci mai tsawo ba ka san bakanike ba sai canjin mai.

Yaya Babba: Ku yi haƙuri duk kuna ta maganar inji, ni abin da ya sa nake tsoron na hannu daban ne. Ɗan maƙwabciyarmu ya sayi mashin wajen wani a bakin kasuwa, arha sosai, mai sayarwa ya ce takardu suna gida zai kawo, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Bayan 'yan watanni mai mashin na asali ya gan shi a gidan mai ya gane abinsa, yaron nan sai da ya kwana a ofishin 'yan sanda, mashin ya tafi, kuɗi sun tafi, uwarsa ta sayar da awakinta wajen fito da shi, kuma har yau a unguwa akwai masu kallonsa da abin. Yaro ne mai kirki wallahi bai san hawa ba bai san sauka ba. Inji in ya lalace Oga zai gyara, wannan wa zai gyara?

Baffan Gida: Kin ji ko. Abin da nake faɗa ke nan 'yata.

Yaya Babba: A'a Baffa ba ɗaya ba ne. Kai ka ce kar a saya sam, ni cewa nake kar a saya ba asali. Roba-robar da ƙanena ke kai yara makaranta da ita ta hannu ce, wajen wani ma'aikaci aka saya da rasit ɗinta da komai, lafiya lau take.

Dillali: Jama'a tunda an taɓo mu bari in yi magana, don ana yawan ɗora mana laifi. Gaskiya akwai ɓata-gari a cikinmu ban ɓoye ba, amma dillalin da yake da rumfa a kasuwa kuma shugabannin kasuwa suka san shi ya fi maka aminci a kan wanda ka gani a Facebook ya ce ku haɗu a bakin titi. Mu in mashin ya zo sai mun ga rasit na asali daga shagon da aka saye shi, mu duba lambar inji da lambar bodi su yi daidai da abin da ke takarda harafi da harafi. Ka shafa wurin lambar da yatsa, in ka ji an goge ko an sake bugawa ko lambobin ba su jeru daidai ba to ka tashi ka bar wurin. Mai sayarwa ya kawo katin shaidarsa da wanda zai tsaya masa, a rubuta yarjejeniya da shaidu a sa hannu. La'adar da mutane ke ƙyashin biya ita ce ke sa in magana ta taso akwai wanda za a nemo. Kuma doka ba ta wasa da wanda aka kama da kayan sata a hannunsa, kai ne za ka yi ta bayanin yadda aka yi ya zo gare ka.

Malamin Firamare: Kuma a wannan zamanin abin ya wuce sata kawai. Ku tuna a 2021 lokacin Gwamna Masari, cikin dokar da aka kafa a Katsina saboda 'yan bindiga har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, don an san da babura suke kai hari. Mashin da ba ka san inda ya fito ba ba ka san me aka aikata da shi ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar ma haka ne, babura da yawa daga Najeriya suke shigowa, in ba takardar duwan, wato kwastan, to duk shingen jandarma sai ka sauka ka yi bayani. Araharsa takan ƙare a hanya.

Ɗan Acaɓa: Akwai kuma wata arahar da ke ruɗin mutane, duk lokacin da aka hana acaɓa a wani gari babura suna zubowa kasuwa. An gani a Kano a farkon 2013, an gani a Legas a 2022 da aka hana a wasu ƙananan hukumomi, yaranmu da yawa suka loda mashinansu a tirela suka dawo gida. A irin wannan lokacin ana samun mai kyau da sauƙi don masu shi a matse suke, amma a nan ne kuma marasa takarda suke shigewa cikin taro.

Baffan Gida: To na ji duka. Amma ku duba sharuɗɗan da kuka jera, bakanike, sassafe, rasit, shaidu, mai tsayawa, mutum nawa ne ke yin wannan in ya ga mashin yana ƙyalli an ce masa wani na zuwa da kuɗi anjima? Ni na san halin yaranmu, zumuɗi ne ke sayen mashin ba hankali ba. Shi ya sa har gobe in ɗana ya tambaye ni sabo zan ce masa. Kuma ku masu sayarwa ku ji tsoron Allah, addini ya wajabta a bayyana aibin kaya, wanda ya zuba mai mai kauri don ya ɓoye ƙarar inji algus ya yi ko da an sa hannu a takarda goma.

Mai Gareji: Wannan ta ƙarshen babu mai ja da kai Baffa. Amma in ɗan naka bai da kuɗin sabo kar ka bar shi ya tafi kasuwa a ɓoye shi kaɗai don yana tsoron faɗanka, ka turo min shi mu je tare. Kuma duk wanda ya saya, ranar farko ya zubar da man da ke ciki ya sa sabo, ya canja filogi da takalmin birki, sannan ya je ofishin lasisi a mayar da takardu sunansa kafin ya fara yawo da shi.

Yaya Babba: Oga a ƙara da ɗaukar hoton mai sayarwa tsaye kusa da mashin, lambar tana fitowa, a ajiye a waya a kuma tura wa wani a gida.

Dillali: Mu ma yanzu haka muke yi Hajiya, wanda ya ƙi a ɗauke shi hoto ba ma karɓar mashinsa.