Mai gaskiya da maƙaryaci: shirin jarrabawa ne ko ɓata lokaci?

Nura: Jama'a, ni fa tambayoyin nan na tsibirin masu gaskiya da maƙaryata da Malam Habu yake kawo mana duk Asabar, ɓata lokaci nake ganinsu. JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, sakan 40 ke nan kowace tambaya. Wa zai bar ka ka zauna kana "a ɗauka Audu maƙaryaci ne"? Gara mu zuba lokacin a tsofaffin tambayoyi, mu san inda muka dosa.

Halima: Kai da JAMB kaɗai ka sa a gaba. Buɗe manhajar lissafi ta WAEC ka duba, akwai babin tunani bisa hujja: magana ta gaskiya da ta ƙarya, kore magana, da "idan kaza, to kaza". Mu masu Further Maths har jadawalin gaskiya da ƙarya muke zanawa.

Nura: To a koya mana jadawalin kai tsaye mana. Me ya kawo tsibiri?

Malam Habu: Nura, amsa min wannan tukuna. A tsibirin, mai gaskiya ba ya taɓa ƙarya, maƙaryaci ba ya taɓa gaskiya. Ka haɗu da Audu da Bala, sai Audu ya ce: "Ni da Bala duk maƙaryata ne." Wane ne wane?

Nura: Mai sauƙi, Malam. Mai gaskiya ba zai kira kansa maƙaryaci ba, don haka Audu maƙaryaci ne. Tunda ƙarya ya yi, sai a juya maganar: duk masu gaskiya ne.

Halima: Ka ji ka! Yanzu ka ce Audu maƙaryaci ne, yanzu kuma ka ce duk masu gaskiya ne. Wanne za mu ɗauka?

Malam Habu: Rabin farko daidai, rabi na biyu nan ne ramin da yara suke faɗawa kowace shekara. Idan an ƙaryata "duk maƙaryata ne", abin da ya tabbata shi ne "aƙalla ɗaya mai gaskiya ne", ba duka biyun ba. Mun riga mun san Audu ba shi ne ba, saura Bala. Ke nan Audu maƙaryaci, Bala mai gaskiya. Wannan juyin shi ne dokar De Morgan da kuke haddacewa da alamomi: kore "wannan da wancan" yana ba da "ba wannan ba ko ba wancan ba". Na sha ganin ɗalibi ya rubuta dokar tsaf a allo, amma da an sa ta cikin jimla sai ya watse. Tsibirin yana tilasta maka amfani da ita ne, haddar ba ta isa.

Yaya Sagir: Allah ya gafarta Malam, ni ina tare da Nura ta wani ɓangaren. Jarrabawar LSAT ta shiga makarantun lauya a Amurka ta daɗe da sashen wasannin manɗiƙi, wato ilimin tunani bisa hujja, amma daga Agustan 2024 an cire shi gaba ɗaya. In masu abin sun ajiye, mu me muke riƙewa?

Anti Rabi: Sagir, ka faɗi labarin har ƙarshe. Wani makaho ne ya kai ƙara, saboda sashen sai da zane-zane ake warware shi, aka sasanta a 2019, daga baya aka cire. Kuma da me aka maye gurbinsa? Da ƙarin sashen tantance hujja. Manɗiƙin bai je ko'ina ba, zanen ne ya tafi. Sannan waɗancan wasannin na jera mutane ne a kujeru da ranaku, ba irin namu ba ne.

Yaya Sagir: Na ji, Anti. Amma ga abin da ke damuna. Ƙanena ya haddace dabarar ƙofofi biyu masu masu gadi biyu, ɗaya mai gaskiya ɗaya maƙaryaci, wato ka tambayi mai gadi ɗaya wace ƙofa ɗan'uwansa zai ce ita ce mafita, sai ka bi ɗaya ƙofar. Yana ta burga da ita a gida. Da na canza masa tambayar kaɗan sai ya yi tsuru-tsuru. Ina amfanin wannan?

Anti Rabi: Babu. A nan kam ba ni da ja. Wanda ya haddace amsa bai yi komai ba. Ni shekaru nake shirya masu neman aiki don gwajin basira na bankuna da kamfanoni, kuma abu ɗaya nake nema a takardar ɗalibi: ya rubuta zatonsa a fili, ya bi shi har ya yi karo da kansa, ya soke, ya koma ɗaya zaton. Mutum biyu, hanyoyi huɗu ne kacal. Mutum uku, takwas. Wanda ya saba jera su ba ya firgita.

Malam Habu: Ga wadda ta fi raba kan mutane. Audu ya ce: "Idan ni mai gaskiya ne, to Bala ma mai gaskiya ne."

Nura: Wannan ba ta da amsa. In Audu maƙaryaci ne, maganar ba ta ce komai ba.

Halima: Tana da amsa. Duk masu gaskiya ne.

Nura: Ta yaya? Mutum ya yi sharaɗi kawai, sai ki ba shi shaidar gaskiya?

Halima: Bi ni a hankali. A ɗauka Audu mai gaskiya ne. To maganarsa gaskiya ce, sharaɗin kuma ya cika, don haka Bala mai gaskiya ne. Me muka tabbatar yanzu? Cewa idan Audu mai gaskiya ne, Bala ma haka. To ai wannan ita ce ainihin jimlar da ya furta. Gaskiya ya faɗa ke nan, maƙaryaci kuwa ba ya iya faɗar gaskiya. Audu mai gaskiya ne, Bala ya biyo baya.

Nura: Kamar siddabaru nake ji.

Malam Habu: Duba ta haka. Mahaifinka ya ce in ka ci jarrabawa zai saya maka keke. Yaushe za ka ce ya saɓa alkawari? Sai ka ci ya hana. In ba ka ci ba, ko ya saya ko bai saya ba, babu mai ce masa maƙaryaci. Haka "idan, to" take a lissafi, hanya ɗaya ce tak take zama ƙarya: farko gaskiya, ƙarshe ƙarya. Kafin maganar Audu ta zama ƙarya sai ya kasance mai gaskiya, mai gaskiya kuwa ba ya ƙarya. Wannan layin na jadawali shi ne wanda ɗalibai suka fi faɗuwa a kai, kuma za ka sake haɗuwa da shi a jami'a, a kwas ɗin GST na falsafa da manɗiƙi, ko likitanci kake karantawa.

Yaya Sagir: Duk da haka abin na Turawa ne, Malam. Ba mu taso da shi ba.

Malam Habu: Tsibirin dai Raymond Smullyan ne, masanin lissafi ɗan Amurka, ya yaɗa shi a wani littafi da ya fitar a 1978. Amma ilimin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Shehu Abdurrahman Al-Akhdari, mai Ahalarin da muka karanta muna yara, shi ne ya yi waƙen Sullam a kan manɗiƙi. Al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a fannin, har ya aika wa Suyuɗi baitoci yana kare shi, domin Suyuɗi haramta shi ya yi. Ita ma matsalar mutumin da ya ce "abin da nake faɗa yanzu ƙarya ne", tun Girkawan dā ake fama da ita, malamai irin su Nasiruddin Ɗusi da Taftazani duk sun tattauna ta. Shi ya sa a tsibirin babu mai iya cewa "ni maƙaryaci ne": mai gaskiya ba zai faɗa ba don ƙarya ce, maƙaryaci ba zai faɗa ba don gaskiya ce.

Nura: To Malam, ga matsayata. Na yarda tana da amfani ga masu WAEC da masu gwajin aiki. Amma ni saura makonni JAMB, kuma har yanzu ba a nuna min tambayar JAMB mai tsibiri a ciki ba.

Anti Rabi: Da wuya ka ga tsibiri. Abin da za ka gani shi ne tambayoyin fahimtar nassi a Turanci, inda zaɓi ɗaya ya ce "duka", wani ya ce "wasu", wani ya ce "babu ko ɗaya". Kuskuren da ka yi ɗazu a kan Audu da Bala, shi ne zai ci maka maki a can.

Nura: Wannan hujjar ta fi shiga ta. Amma awa guda duk Asabar ya yi yawa, ban janye ba.

Halima: Ni kuma ina ganin ya yi kaɗan.

Malam Habu: Mu yi haka. Daga wannan Asabar, masu JAMB tambaya biyu cikin minti goma, sai su koma tsofaffin tambayoyinsu. Masu Further Maths su ci gaba da awarsu. Kowa ya zo da takardar da ya rubuta zatonsa da inda ya soke, amsa tsura ba zan karɓa ba. Sagir, ka taho da ƙanen naka.

Yaya Sagir: In sha Allah, Malam. Amma ƙofofi uku za a ba shi, ya riga ya haddace biyu.