Baƙar CH341A tana kashe IC, ko tsoro ne kawai?

Ɗan Beirut: Salamu alaikum. Yaron shagona ya zo min da wata magana yau, wai baƙar furogiramar nan CH341A da muke filashin BIOS da ita, wato sake zuba manhajar da ke tada kwamfuta, tana kashe IC, ɗan cif ɗin da manhajar ke ciki, sai an yi mata gyara kafin a taɓa laftof da ita. Ni shekara 5 ke nan ina aiki da ita. Laftof ne, dikoda ce, talabijin ce, ban taɓa ganin ta ƙona ko ɗaya ba. Na ce masa ya rage kallon YouTube.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Yaronka bai faɗi ƙarya ba. Ɗauki mita ka auna da hannunka. A ƙafa ta 8 ta soket ɗin da ake sa IC, wadda ke ba IC wuta, za ka samu bolt 3.3, domin ta biyo ta ɗan regiletan nan AMS1117. To ka koma ƙafa ta 1, ta 5 da ta 6, inda saƙo ke shiga, za ka ga wajen bolt 5. Dalili shi ne masu haɗa baƙin allon sun ba shi kansa cif ɗin CH341A da ke kan furogiramar wutar USB mai bolt 5 kai tsaye, shi kuma da ƙarfin da aka ba shi yake magana. Takardar bayanin da kamfanin Winbond ya fitar kan IC ɗinsa W25Q64JV ta ce 2.7 zuwa 3.6 ne aikinta, kuma kada wata ƙafa ta haura wutar IC ɗin da fiye da 0.4. Kai kuma kana zuba mata 5.

Ɗan Beirut: Baba, takarda daban, teburin aiki daban. In haka ne me ya hana su mutuwa?

Injiniya: Oga Ɗan Beirut yana da gaskiyarsa a nan. Wannan 5 ɗin da mita ke nunawa, ba a ɗora komai ba aka auna. Wutar ba ta da ƙarfi sosai, kuma IC na da ƙananan dayod na kariya a ƙafafunsa da ke shanye rarar. Shi ya sa yawanci suke tsira.

Baba Mai Rediyo: Yawanci, ka ce. Wanda ya haye kogi a bayan kada kuma ya tsira ai ba ya cewa kada jirgi ne. Kuma ku duba, in ka cire IC ka sa a soket, asararka ba ta wuce shi ba. Amma in kilif, ɗan matsin da ke kama ƙafafun IC, ka maƙala masa yana kan allon laftof, layukan nan har cikin cifset, babban cif ɗin allon, suke tafiya. Wa zai biya mai laftof in can ta taɓu?

Hajiyar Kwamfuta: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta faɗa a kan 5 da 3.3, alhali abin da ke halaka yara masu koyo daban ne: IC mai bolt 1.8. W25Q64FW, W25Q128FW, da na Macronix masu farawa da MX25U. Waɗannan ko gyararriyar furogirama ta fi ƙarfinsu, sai da adaftar 1.8. A ido kuwa duk iri ɗaya ne, ƙafa 8. Wanda bai sa tabarau ya karanta rubutun da ke bayansa ba ya shiga uku.

Ɗan Beirut: Wannan kam na yarda, Hajiya. Ina da adaftar.

Ɗan Koyo: Oga-oga, ni abin da ya same ni ba na wuta ba ne. Na maƙala kilif, na karanta, na ajiye, na goge, na zuba wani fayil da na samo a intanet. Laftof ta tashi, amma lambar siriyal ta zama ta wani, makullin Windows ma ya tafi. Da na koma kan kwafin da na ajiye, FF ne daga sama har ƙasa, wato babu komai a ciki. Ashe kilif ɗin bai kama ba.

Injiniya: Ayya. Karatu biyu ake yi, wasu har uku, a gwada su a ga sun zo daidai kafin a taɓa gogewa. Manhajar da kake aiki da furogirama da ita, NeoProgrammer ko AsProgrammer, ka tabbata ta gane sunan IC da kanta. W25Q64 megabayit 8 ne, W25Q128 kuma 16, in girman fayil bai yi daidai ba ka tsaya. A cire caja da batir da ɗan batirin agogo. Wani allon kuma komai ka yi ba zai karantu da kilif ba, don ƴar wutar furogirama duk allon take ƙoƙarin ciyarwa. Nan sai a cire IC da buluwa, na'urar hura iska mai zafi.

Baba Mai Rediyo: Duk wannan daidai ne, amma bai goge maganata ba. Gyaran fa nawa yake? Ka ɗaga ƙafa ta 28 ta cif ɗin CH341A daga allon furogirama, ka ja ƴar waya zuwa inda regileta ke fitar da 3.3, ka haɗa da ƙafa ta 9 ta cif ɗin. Mutumin da ke cire IC da buluwa kullum, wannan zai ce ya yi masa wuya?

Ɗan Beirut: Ba wuya ba ce, Baba. Abin da bai lalace ba ne ba na son taɓawa.

Hajiyar Kwamfuta: To sayi ta biyu ka gyara, ai ba ta kai kuɗin gyaran laftof ɗaya ba. Ko ka nemi mai ɗan makunnin zaɓen wuta.

Ɗan Beirut: Na auna yanzu. Ƙafa ta 8 ta ba ni 3.3, ta 6 ta ba ni 4.9. Har yanzu ban yarda tana kashewa ba, amma na daina sa mata kilif a kan allo. Baba, turo min hoton taka in ga inda wayar ta bi.

Baba Mai Rediyo: Bayan la'asar. Ka kuma kira yaron nan ka ba shi haƙuri.