Yaya Kirista zai huta cikin ƙaunar Allah ba tare da ya zama rago ba?

'Yar Aboabo:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. A Kumasi nake zaune, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata, ina yin azumin farkon shekara tare da ikkilisiya, kuma da wuya addu'ar kwana ta daren Juma'a ta wuce ni. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ranar da barci ya ɗauke ni har ban yi addu'ar asuba ba, sai in wuni a rumfa ina jin kamar Ubangiji ya juya mini baya, idan kuwa ciniki bai yi ba a wannan rana, sai in ce horo ne. A Matiyu 11:28 Yesu ya kira masu wahala da masu nauyin kaya su zo ya hutar da su, amma ni kullum gajiya nake ƙara yi. Ta ina ake shiga wannan hutu? Idan kuma na sassauta, ba wasa na yi da al'amarin Allah ba?

Dattijon Asawase:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Duk ayyukan da kika lissafa masu kyau ne, damuwar tana ga abin da kike nema su saya miki. Ki lura da Markus 1:11. A lokacin da murya daga sama ta kira Yesu ƙaunataccen Ɗa a kogin Urdun, bai riga ya fara wa'azi a Galili ba, bai kuma warkar da ko mutum ɗaya ba. Ƙaunar ce ta riga aikin zuwa. Game da mu kuma, Romawa 5:8 ta nuna cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, saboda haka ƙaunar da ba addu'ar asubarki ce ta jawo ta ba, makara ta safiya guda ba za ta kore ta ba.

Ina roƙonki ki sake karanta Luka 15, misalin ƙaramin ɗan da ya ɓarnatar da gadonsa ya dawo gida ubansa ya yi masa biki, amma a wannan karon ki tsaya a kan babban ɗan. Bai taɓa barin gida ba, bai ɓarnatar da dukiya ba, daga gona ma yake dawowa sa'ad da ya ji kiɗa da rawa. Amma da ya buɗe baki, lissafi ne ya fito: shekarun da ya yi yana bauta, umarnin da bai taɓa ƙetarewa ba, da ɗan akuyar da ba a taɓa ba shi ba. Yana kwana a gidan ubansa, amma da zuciyar ɗan ƙwadago. Uban kuwa ya fito waje ya lallashe shi, ya tuna masa cewa kullum suna tare, kuma duk abin da yake nasa na ɗan ne. A ganina yawancinmu da muka daɗe a majami'a mun fi kama da wannan ɗan fiye da ƙanensa.

Ba ke kaɗai kika bi ta nan ba. Martin Luther, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikkilisiya, ya shiga gidan sufaye a Erfurt, ƙasar Jamus, a 1505, ya dinga azumi da raya dare da furta zunubai na tsawon sa'o'i, amma tsoron fushin Allah bai sake shi ba. Sai da ya fahimci Romawa 1:17, cewa ta wurin bangaskiya mai adalci zai rayu, sannan ya gane adalcin da yake wahalar nema kyauta ne ake karɓa.

Ɗan Madina:

Baba, da girmamawa, ina da ɗan tsoro. A nan Accra na ga matasa da suka riƙe maganar alheri suka daina zuwa sujada, suka ajiye Littafi Mai Tsarki, suna cewa ai an gama kome a kan gicciye. Filibiyawa 2:12 ta ce mu yi aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki, Yakubu 2:17 ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, kuma Yesu da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse, kamar yadda Luka 6:12 ta faɗa. Kada mu sanyaya gwiwar 'yar'uwarmu.

Dattijon Asawase:

Ɗana, tsoronka yana kan hanya, amma ka ƙarasa zuwa Filibiyawa 2:13, wadda ta ce Allah ne yake aiki a cikinmu, shi ne yake ba mu niyya da ikon aikatawa. Bulus ya ce ya fi sauran manzanni aiki, nan take kuma ya mayar da yabon ga alherin Allah da yake tare da shi. Ban ce ta daina addu'a ba. Na ce ta daina biyan bashin da an riga an biya.

Maman Nima:

'Yar'uwata, ni ma 'yar kasuwa ce, shi ya sa maganar ciniki ta fi taɓa ni. Kada ki mai da kuɗin da kika ƙirga da yamma ma'aunin ƙaunar Allah. Akwai ranar da ruwan sama zai hana masu saye fitowa, akwai lokacin da darajar sidi, kuɗinmu na Ghana, za ta faɗi kaya su yi tsada, kuma wannan yakan shafi rumfar mai addu'a da ta wanda bai san hanyar coci ba, gama Matiyu 5:45 ta ce Allah yana fito da rana yana sauko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci.

Ga abin da zan ba ki shawara. Duk safiyar da kika makara, kada ki yanka wa kanki azumin ramuwa. Ki yi godiya a inda kike, ko a cikin trotro ne, wato motar haya, ki yi magana da Ubanki ba tare da kin fara da kare kanki ba. Sannan ki zauna da matar fasto ko wata babba a zumunta, ki gaya mata gaskiyar gajiyarki, ku duba hidimar da za ki ajiye na ɗan lokaci. Yesu ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta, a lokacin da jama'a suka hana su ko cin abinci, kamar yadda yake a Markus 6:31. Idan kuma rashin barci da faɗuwar gaba suka ci gaba, ki je asibiti a duba ki, domin jiki ma amana ce.

'Yar Aboabo:

Na gode, Baba da Mama, da kai ma ɗan'uwana. Zan ga matar fasto ranar Lahadi bayan sujada, kuma ina tunanin addu'ar kwana ce zan fara ragewa, domin Asabar ce ranar da kasuwa ta fi cika. Ku sa ni cikin addu'a.