Kafin a tafa wa jarumin fim

Magina da ma'aikatan jinya da suka zauna a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, bakinsu ɗaya: jarumin da ya janye faɗa zuwa bayan gari shi ya cancanci yabo. In jarumi ya yi faɗan a cikin gari ya karya ginshiƙin bene, nauyin kan sauran yake komawa, hawa ya rufta kan hawa. Ga bututu ya fashe, ga wayar lantarki cikin ruwan. Benen da ya rushe a unguwar Achimota da ke Accra a 2012, kwanaki aka yi ana tono mutane. Mai faɗowa daga sama kuwa, cafke shi farat ɗaya karya ƙashi ne, sai an rage masa gudu sannu a hankali. Iyaye su tsayar da fim a nan, su tambayi yaro: su wa ke cikin ginin?