Jirage biyu, dogo ɗaya: yaya ake tsara ranar tuƙi a lambu?

Ɗan Malali:

Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan layin dogo na wasa a bayan gidana, irin na kamfanin LGB ɗin nan mai faɗin milimita 45, wanda ƙanena ya riƙa yo mini tsarabarsa kaɗan-kaɗan daga Jamus. Tsawonsa ya kai mita 40, ya kewaye mangwaro ya bi gindin katanga ya dawo. Tashoshi uku ne, na raɗa musu Kaduna, Zariya da Kano.

Asabar ɗin da ta wuce na gayyato abokai huɗu masu irin wannan ƙaiƙayin, kowa da kan jirginsa da rimot a hannu. Wallahi sai wurin ya koma Kasuwar Barci ranar jajibiri. Wannan na cewa a ba shi hanya, wancan na cewa shi ya riga tasowa. Can bayan mangwaro, inda ido ba ya kaiwa, jirgina da na wani abokina suka yi gaba da gaba, taragai biyu suka faɗa kwata, maƙalin ɗaya ya karye. Har yau muna gaisawa, amma sama-sama. Yaya zan tsara mutum biyar su yi tuƙi ba karo, kuma abin ya yi kama da aikin reluwe na gaske, ba zagaye kawai ba?

Tsohon Reluwe:

Wa alaikumus salam ɗana. Matsalarka ta girme ka. Tun da dogo ya isa Kano a 1911, tsohon layin nan mai faɗin milimita 1,067 guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. A da, abin da ke raba su shi ne wani ɗan ƙarfe da ake miƙa wa direba a tasha. Tsakanin kowace tasha da ta gabanta akwai nasa, kuma direban da bai riƙe shi ba, ko uban wa ya ɗauko, ba ya motsawa.

Da farko ka daina ɗaukar layinka a matsayin zobe. Ka ajiye bulo a tsakanin Kano da Kaduna, ya zama duk mai tafiya sai ya ratsa Zariya. Sannan ka sassaƙa sanduna biyu, ɗaya ka shafa mata ja ka rubuta Kaduna–Zariya, ɗaya kore ka rubuta Zariya–Kano. Mai sanda shi ke da hanya, magana ta ƙare. A Zariya dole a sami layin gefe da jirgi zai raɓe ya jira ɗan'uwansa ya wuce.

Za ka ci karo da abu ɗaya. In jirage biyu za su bi juna daga Kaduna, na farko ya tafi da sanda, na biyu ya zauna zugum. Maganinsa tsoho ne: a nuna wa direban farko sandar ya gani da idonsa, a ba shi takarda a madadinta, sai ya isa Zariya an busa usur, sannan na biyu ya taso da sandar kanta.

Kuma cikin ku biyar, mutum ɗaya ya ajiye rimot ya zauna Zariya a matsayin shugaban tasha. Ka fara da kanka, kai ne mai gida. Kowa tuƙi yake so, na sani, amma ka gwada kujerar nan ta rabin awa ka ga ko za ka yarda ka tashi.

Injiniyan Kakuri:

Baba ya gama magana a kan hanya, Allah ya ƙara lafiya. Ni tambayata, ta dogo kuke ba jiragen wuta ko batir kowa ke da shi? In ta dogo ne, da hunturu za ka sha wahala. Ƙura na kwanciya a kan dogon tagullar nan cikin dare ɗaya, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai shaƙuwa, direba ya ƙara wuta, yana isa wuri mai tsabta ya zabura. Rabin haɗurran da na gani a nawa haka suka faru. Ni na koma batir, ko an ɗauke wuta ba ruwana. In ba za ka koma ba, ka bi layin da tsumma da safiyar ranar, har ƙafafun jiragen baƙi ka goge.

Sai zafi. Tagulla mai tsawon mita 40, in zafinta ya ƙaru da digiri 30, tana miƙewa fiye da santimita 2. Ranar Maris da Afrilu ta fi ƙarfin haka a kan ƙarfe. Ka bar 'yar tazara a mahaɗai, kada ka ɗaure dogon tamau, ka bar shi ya kwanta a kan tsakuwa. Jadawali mai agogo kuwa, ka ƙyale shi tukuna. Ku rubuta jeri kawai: wannan ya tafi, sannan wancan.

Maman Biyu:

Maigidana ma yana da wannan ciwon, mu a Barnawa. Abin da ya hana su gundura shi ne kaya. Kowane tarago da katinsa: gyaɗa daga Kano, auduga daga Zariya zuwa masaƙun Kakuri, kananzir daga kudu zuwa arewa. Direba ba ya tashi sai ya ajiye na tashar ya ɗauki na gaba. Amma don Allah kada ku zuba gyaɗar gaske, mu mun gwada, cinnaku suka bi layin kaf. Ƙananan tsakuwa a ƙullin atamfa sun isa.

Ku fara bayan la'asar, ku tashi da kiran magariba. Yara kuma a ba su jar tuta su tsaya bayan mangwaron, in ba haka ba su ma rimot za su nema.

Ɗan Malali:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, batir ne duka, sai nawa kaɗai ke shan wuta ta dogo. Baba, na auna layin gefen Zariya yanzu, mita ɗaya da rabi ne, jirgin abokin nan nawa kuma ya kusa mita biyu. In ƙara layin ne?

Tsohon Reluwe:

Kafin Asabar ba za ka gama ba. In gajeren ya raɓe a gefe, dogon zai wuce ta babban layi lafiya lau, kada dai dogaye biyu su haɗu a can. In abokin naka ya ƙi jira, ya cire tarago ɗaya ya bari a Kaduna. Kuma ka kira shi yau ka ce shi zai fara riƙe jar sanda.