Kwantenata ta maƙale, manya suna can suna gadin juna a Jibuti

Mai Yadi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Dilolin shadda da yadi da na loda daga Gwanzu ta ƙasar Chaina, ejan ya ce min cikin wata biyu za su iso Legas, yau ga mu a wata na huɗu. Kuɗin dako ma sai da na yi ciko mai tsoka. Duk sanda na kira shi sai ya ce rikicin Bahar Maliya ne, wato hare-haren 'yan Huthi na Yaman a kan jiragen ruwa. To ina amfanin jiragen yaƙin da aka jibge a can? Amurka na da sansani a Jibuti, Faransa na da shi, Japan da Italiya haka, Chaina ma ta buɗe nata a 2017. Duk sun mamaye 'yar ƙaramar ƙasa da sunan tsaron hanyar kasuwanci, amma mashigin Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya mai faɗin kilomita 30 kacal, ya gagare su. Ni na ce ba hanya suke tsarewa ba, juna suke gadi, mu kuma mu biya.

Ɗan Gwanzu: Alhaji Allah ya fito da kaya lafiya. Amma ka cire Chaina daga kalmar "mamaye". Haya ta kama, da yardar gwamnatin Jibuti. Wanda ya biya kuɗin ɗaki ba a ce ya mamaye gida.

Malamin Tarihi: In haka ne Amurka ma haya take. A yarjejeniyar 2014 ta amince da biyan dala miliyan 63 duk shekara kan sansaninta na Lemoniye da ke Jibuti. Ko dai ka wanke su duka, ko ka bar kalmar a kansu duka.

Ɗan Gwanzu: Malam ba ɗaya ba ne. Chaina ta shimfiɗa musu layin dogo daga Adis Ababa zuwa bakin teku, ta gina tashar jiragen ruwa. Habasha ba ta da teku, sama da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi. Me Amurka ta gina ban da filin tashin jirage marasa matuƙi?

Malamin Tarihi: Da bashi ta gina, ɗan uwa. Je ka tambayi Siri Lanka yadda tashar Hambantota ta koma hannun kamfanin Chaina na shekara 99 a 2017. Mamaya ta zamani ba da bindiga take zuwa ba, da takardar rance take zuwa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai na san "mamaya" a Hausa ita ce a auka maka ba ka shirya ba. In kai ka buɗe ƙofa ka ce bisimilla, wannan sunansa baƙunci.

Malamin Tarihi: Hajiya, mai jin yunwa da ya buɗe ƙofa don buhun hatsi, da son ransa ya buɗe?

Tsohon Soja: Yara ku saurara. Maganar haya da bashi duk a gefe take. Ƙarfi a teku shi ne jirgin da ke ɗaukar jiragen sama na yaƙi. Amurka na da 11. Chaina tana da Liyawonin da Shandon, na uku Fujiyan an tura shi ruwa a 2022. Da sauranta.

Ɗan Gwanzu: Baba da girmanka, a yawan jirage Chaina ta wuce. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta ce sun haura 370, na Amurka ba su kai 300 ba. Kuma mafi yawan manyan jiragen dakon kaya da ake ƙerawa a duniya yanzu a Chaina ake ƙera su.

Tsohon Soja: Ɗana, awaki ɗari ba su zama raƙumi. Ka taɓa shiga jirgin soja?

Ɗan Gwanzu: Baba kai ma sojan ƙasa ka yi.

Tsohon Soja: Na yi, kuma a jirgin ruwa aka kai mu Laberiya. Kar ka ƙara raina min aiki.

Ejan Kilya: Ku yi haƙuri in sa baki. Alhaji Mai Yadi, jirgin da ya taso daga Chaina zuwa Legas ba ya bin Bahar Maliya da mashigin Suwez na Masar. Ta mashigin Malaka yake fitowa, ya ratsa Tekun Indiya, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu. Abin da ya faru, jiragen da ke zuwa Turai da suka guje wa Bahar Maliya sun koma zagaye, tafiyarsu ta ƙaru da kwana goma ko fiye, jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci, farashi ya tashi ko'ina. Amma wata huɗu? Ka nemi lambar kwantenar ka duba da kanka.

Mai Yadi: Wato ƙarya nake yi ke nan?

Ejan Kilya: Subhanallahi, Alhaji ban ce haka ba.

Mai Yadi: Ku ejan-ejan bakinku ɗaya, dama ba za ka ga laifin ɗan uwanka ba.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji laifin ejan ɗinka fa ya nuna maka. Kuma mu faɗi gaskiya, tun da aka saki naira a Yunin 2023 komai ya tashi, ba sai an je Yaman ba.

Ɗan Jam'iyya: Hajiya kar a kawo siyasa nan. Komai sai a ce gwamnati.

Bahaushen Fot Sudan: Salamu alaikum 'yan uwa. Ku kuna jin labari, mu a bakin ruwan muke. Tun 2017 da Bashir, shugaban Sudan na lokacin, ya je wurin Putin ake maganar ba Rasha sansani a nan. A 2020 aka fito da daftari: shekara 25, sojoji 300, jirage huɗu. Ba wanda ya tambayi masunci ko ɗan dako a tasha. Yanzu ga yaƙi tun Afrilun 2023, gari ya cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, ana layin ruwan sha da jarka, amma masu zuwa daga waje bakin tekun suke kallo. Ku kira shi haya ko mamaya, mu dai ba mu aka ba kuɗin ba.

Ɗan Gwanzu: Allah ya kawo muku sauƙi. Amma wannan Rasha ce, ba Chaina ba.

Abu Mujahid: Duk kun bar asalin magana. 'Yan Huthi sun kama jirgin Galaxy Leader a Nuwamban 2023 ne saboda Gaza. Amurka da Ingila suka fara yi wa Yaman ruwan bama-bamai a Janairun 2024. Wane ne mai mamaya a nan?

Malamin Tarihi: Ma'aikatan jirgin da aka tsare fiye da shekara, yawancinsu 'yan Filifin ne, me suka yi wa Gaza? Kuma Masar ce ta sha wuya, kuɗin shigarta na Suwez ya faɗi da fiye da rabi a 2024.

Abu Mujahid: Malam kai dai duk inda Bature ya tsaya nan kake.

Malamin Tarihi: Ni da nake koya wa ɗalibai yadda Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Nasir, shugaban Masar, a 1956 don ya karɓe Suwez? Ka ji tsoron Allah, ka janye.

Abu Mujahid: Ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. An tabbatar Chaina haya take a Jibuti kuma ta yi musu aikin da ake gani da ido, kamar yadda kamfaninta ya gina mana tashar Lekki. An tabbatar Amurka da Ingila sun jefa bama-bamai a yankin. Maganar bashi ba a kawo hujja mai ƙarfi ba. Don haka kalmar "mamaye" ta dace da wasu, ba ta dace da Chaina ba. Baba Tsohon Soja a yi haƙuri da yaro. Na rufe.

Malamin Tarihi: Shugaba, Hambantota ba hujja ba ce? Kowa ya san daga ina kake sayo kayan shagonka.

Mai Yadi: Ejan Kilya, na samo lambar kwantenar a jikin takardar lodi. Ina ake dubawa? Na turo maka ta akwatin sirri.